Kawu Bashir da Leburorin Riɗi

Yaya Hamza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya Aisha da yara, yaya zafin Jidda? Mu nan Gadarif lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, Kawu Bashir zai kashe mini digirin dakta. Na yi shekaru ina karatun falsafa, a kan yadda na'ura ke sauya wanda ke da iko. Abin da ya rage in ji ta bakin leburorin riɗi game da injin girbin da aka kawo. Kawu ya rantse 'yar gidan nan ba ta zama cikin maza ita kaɗai, sai ya raka ni gona. Shi fa ke ɗaukarsu aiki! Da muka je, na tambayi wani dattijo cikinsu, Kawu ya karɓe: "Alhamdulillahi, kowa na murna." Dattijon ya sunkuya yana kallon laujensa.

Ana gama girbi za su watse. Don Allah ka kira Kawu, maganarka yake ji. In rakiya dole ce, a ba ni Inna.

Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a. In ba ka kira shi ba, Kawu za a ba digirin, don shi kaɗai ya yi magana.

Ƙanwarka,
Safiya