Fentin da Na Shafa wa Ajin Zebo

Kokand, 28 ga Agusta

Maman Zebo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Istanbul. Ya ciwon bayan naki? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyata tana gaishe ki, ta ce inabin tsakar gida ya nuna, surukarta kuwa ko labari.

Na ɗauki takarda ne domin a waya, da na ji muryarki sai maganar ta gudu. Albishirinki, makarantar bayan kasuwa ta karɓi Zebo. Sun buɗe ƙaramin aji na yara shida masu irin larurarta, otizim ɗin da likita ya faɗa mana. Malamarsu Gulchehra ce, mace mai sanyin murya, kowa na girmama ta da kiranta Gulchehra opa.

Ranar Asabar iyaye suka yi gayyar gyaran azuzuwa. Na ce kowa ya bar mini ajin su Zebo. Shekara ashirin ina yi wa gidajen mutane fenti, wa zai riƙe burushi a ajin 'yata ina tsaye? Daɓen katakon na yi masa fentin mai har shafi biyu, tagogi fari, bango kuma shuɗi irin wanda take so. Hojar hola, gwaggon nan mai shara, ta leƙo ta ce, "Tolib, ɗakin amarya kake shiryawa? To ka rage mini inda zan taka."

Kin san dalilin da na zage haka. Zebo shekararta takwas, kuma tun tana shekara biyu ba ta bari na matso kusa da ita. Da na shigo gida sai ta shige bayan kakarta. Na ce tunda ba ta son uban, ko za ta so abin da uban ya yi.

Naki,
Tolib

Kokand, 19 ga Satumba

Maman Zebo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, sanyi bai fara taɓa ki ba. Ki yi haƙuri da abin da na ce miki a waya, cewa komai daidai. Ba daidai ba ne.

Ranar farko ta tafi lafiya har bakin ajin, da farin kirtani a gashinta. Tana isa ƙofa ta tsaya cak, ta fara ihu tana buga goshi da ƙyaure. Yara daga sauran azuzuwa suka fito kallo. Kunya ta kama ni, na ɗauke ta cak na shiga da ita, na danne ta a kujera. Kwana uku ina haka. Rana ta uku ta yi amai a kan daɓen, ta ciji hannun malama har jini. Shugaban makaranta ya ce ba za su iya riƙe ta a haka ba, ta zauna gida tukuna.

Bayan mako guda Gulchehra opa ta aiko a kira ni. Ta ce ta lura ba Zebo kaɗai ba ce. Yaro ɗaya wuni yake da hannun riga a hanci, wata yarinya ba ta zama sai a bakin ƙofa. Amma in ta fitar da su ƙarƙashin bishiya, duk sai su natsu. Ta ce da yawa cikin yaran nan, warin da mu ba ma ko lura da shi, su kamar a zuba musu barkono a ido ne, ga shi ba su da bakin faɗa. Fentin bai gama fitar da warinsa ba, Hojar hola tana goge daɓen da ruwan kulorin safe da yamma, tagogin kuma sun ƙi buɗuwa. Ni na liƙe su da fentina, Muyassar. Ni da hannuna.

Da na miƙe zan tafi sai ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "Yaya Tolib, kada ranka ya ɓaci. Kai ma warin nan kake yi. Tun daga bakin ƙofa na ji shigowarka."

Na ce ai nakan yi wanka. Ta ce ta sani.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tsaya a zaure ina shinshina rigata, ban ji komai ba. Hancina ya daɗe da mutuwa.

Ki yi mana addu'a.

Tolib

Kokand, 24 ga Oktoba

Maman Zebo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan Allah Ya ƙara wa tsohuwar da kike jinya sauƙi. Mahaifiyata ta ɗan yi mura, amma ta warware.

An gyara ajin. Mun mayar da yaran ɗakin littattafai na kwana goma, na yanke bakin tagogin da wuƙa, na kankare daɓen har farin katako ya fito, bangon na kankare na shafa farar ƙasa. Hojar hola ta koma sabulu marar ƙamshi da ruwan zafi, tana yi tana mita: "Shekara talatin ina kashe ƙwayar cuta, ashe da 'ya'yan mutane nake haɗawa." Malama ta daina sa turare, ta kwashe alƙaluman allo masu wari ta koma alli. Yaran biyar yanzu suna zama. Uwar yaron nan mai toshe hanci ta kawo mini gurasa mai zafi har gida, na rasa inda zan sa fuskata.

Zebo ce ba ta koma ba. Sau shida muna gwadawa. Da mun karya kwanar layin makarantar sai ta zube a ƙasa tana karkarwa. Warin ya tafi, amma ba ta manta abin da aka yi mata a ɗakin ba. Shugaban ya jira iya jiransa, shekaranjiya ya ba wani yaro kujerarta. Ban ga laifinsa ba.

Tun da na gama kankarar ban taɓa fenti ba. Kayan aikina da tufafina na kai su gidan yayana. Kullum sai na je gidan wanka na unguwa na dirje jikina, har mai gidan ya fara tsokanata wai ko amarya zan ƙara. Jiya da hantsi ina zaune a gadon katako na tsakar gida ina ɓarar rumman. Zebo ta zo ta tsaya nesa, ta daɗe. Sai ta hau ta zauna, ta jingina bayanta da gwiwata. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki hannuna ta buɗe, tana jera 'ya'yan rumman a tafina ɗaya bayan ɗaya. Ban motsa ba har ƙafata ta mutu.

Muyassar, shekara shida ina cewa yarinyar nan ba ta ƙaunata. Na faɗa miki, na faɗa wa limami, har a gabanta na faɗa, ina zaton ba ta fahimta. Ashe kullum ni nake shigo mata da abin da ke cutar da ita, sannan in yi fushi don ta gudu.

Ban iya wata sana'a ba, kin sani. Yayana ya ce akwai mai neman ɗan dako a kasuwar hatsi, gobe zan je. Maganar makaranta, malama ta ce za ta riƙa zuwa gida ranar Laraba, sauran kuma sai abin da Allah Ya yi.

Hannun da na sani na 'yar shekara biyu ne, wanda ba ya iya kama yatsana biyu. Na jiya dogayen yatsu gare shi irin naki, har da wani tsohon tabo a babban yatsa. Na tambayi kakarta, ta ce ƙunar tukunyar shayi ce, shekara uku ke nan. Gida ɗaya muke kwana, ban sani ba.

In kin samu hali ki dawo kafin dusar ƙanƙara.

Mijinki,
Tolib