Irin Dawar da Ka Cinye, Yaya Sale

Zuwa ga yayana Sale, can Kaduna inda ka ɓuya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fata kana lafiya da iyalinka. Saƙon da ka aiko direbanka da shi ya iso, har da kwaɗon kulle gida da ka ba shi. Tunda ka daina ɗaukar wayata, bari in rubuto maka a inda jama'a za su gani. Na san ka da tsoron bakin duniya fiye da tsoron hakki.

Ka ce in fitar da Jummai da 'ya'yanta daga gidan Inna kafin ruwa ya sauka, saboda za ka rushe ka gina shaguna. Ka ce su koma makarantar firamare inda aka zube sauran 'yan gudun hijira, wai ba a san asalinsu ba. Kai ne yau kake tambayar asalin wani, Yaya? To zauna in tuna maka naka.

Ka manta yadda muka shigo Kontagora? Lokacin hargitsin da ya zo kafin yaƙin basasa ne, muka gudo daga Gabas, a jirgin ƙasa, sannan a bayan babbar mota. Baba ya ce mu yi gaba zai biyo mu, har yau bai biyo ba. Kai kana da riga ba wando. Dangin Baba da muka taho muna taƙama da su suka leƙo, suka ga bakuna uku, suka ce ɗakunansu a cike suke.

A wani fili aka tara mu. Ana ba mu garin madara da wata alkama da ba wanda ya iya dafa ta, ta yi ta ɓata mana ciki. Masu rabon kan zo da safe, su yi mana kallon kayan wanki, su tafi. Kai da kanka ka sha gaya wa 'ya'yanka wannan labarin, lokacin da yake ƙara maka girma.

Wadda ta ɗauke mu daga filin nan ba danginmu ba ce, ba kuma addininmu ɗaya ba. Gwaggo Lami ce, Bakambariya, ta zo cin kasuwa daga ƙauyensu na bayan Kasuwan Garba. Hausarta ma da ƙyar take haɗuwa. Ta ga Inna tana kuka, ta kama hannunka, ta yi gaba, mu kuma muka bi. Ba ta tambayi asalinmu ba.

Muka ci rumbunsu har ya nuna ƙasa. Bazara ta yi, abinci ya ja baya. Wata rana ita da mijinta suka tafi sharar gona, ka tasa Inna gaba da kukan yunwa, kana nuna wani ƙullin zangarniyar dawa da ke rataye a saman murhu, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Inna haihuwar birni ce, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Ta ɗauka ragowa ce da aka manta. Ta sauke, ta sussuke, ta daka, ta tuƙa mana tuwo. Kai ka ci malmala biyu, ina gani.

Iri ne, Yaya. Zaɓaɓɓun kawunan da suka ware tun kaka, suka rataye a hayaƙi don kada ƙwari su taɓa, su ne shukar shekara mai zuwa. Ko ranar da suka kwana da ruwan zafi a ciki ba su kalle shi ba.

Da Gwaggo Lami ta dawo ta ga igiya tana lilo, ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo ta ce: "Yara sun ƙoshi? To, shi ke nan." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Daminar nan ita da mijinta a gonakin mutane suka yi ƙwadago kafin su sami abin shukawa, suka yi shuka a makare, shekarar ta zo musu da wuya. Inna ba ta gane abin da ta aikata ba sai da wata maƙwabciya ta gaya mata. Har ta koma ga Allah, in ta ga dawa a rataye sai ta kau da kai.

Jummai jikar Gwaggo Lami ce. 'Yan bindiga sun ƙone ƙauyen, sun kashe mijinta a bakin rumbu. Ta zo Kontagora a ƙafa da goyo. Makarantar da kake cewa ta koma, na je na gani da idona: aji ɗaya an cusa iyalai da yawa, rijiya babu, masu agaji in sun zo sai an ɗaga buhu an yi hoto kafin a sauke. Kai ma na ga naka hoton da azumi, da babbar riga, kana miƙa wa wata tsohuwa katan ɗin taliya kana kallon mai ɗauka. Kunya ta kama ni kamar ni na yi.

An ci moriyar ganga za a ya da kwaurenta ke nan. Na sani kaso biyu gare ka a gidan nan, ni ɗaya, ba na jayayya da rabon Allah. Amma wallahi ina jin haushinka, haushin da ban taɓa jin irinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ba haka kake ba. Kai ne ka goya ni daga tasha da ƙafata ta kumbura, kana cewa in yi shiru mun kusa gida, alhali ba mu da gida.

Ka san da me Jummai ta fito daga wutar nan? Ba tabarma, ba tukunya. Ƙullin zangarniya ne ɗaure a zaninta. 'Ya'yanta sun yi kwanaki a daji da yunwa, ba ta kwance shi ba. Ranar da ta shigo, kafin ta sha ruwa, ta rataye shi a saman murhun Inna.

Ruwan da kake so a fitar da su kafin zuwansa ya sauka shekaranjiya. Na ba ta filin bayan gida, ta shuka, ni na bi ta ina rufe ramuka duk da ciwon gwiwata. Kwaɗonka kuwa na sa wa akurkin kaji, ya yi daidai.

In har kana nan a kan bakanka, kada ka sake turo direba. Ka zo da kanka, ka tuɓe babbar rigar, ka tuge dawar nan da hannunka. Sau ɗaya ka cinye musu iri kana yaro ba ka sani ba. Wannan karon kana sane.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya saka wa Gwaggo Lami a kan zuriyarta, ya mai da kowa gidansa lafiya. Kai kuma Allah ya dawo mini da yayan da ya goya ni.

Ƙanwarka da ba ta manta ba,
Kande