Shaddodin Mutum Tara a Hannun Kulob

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke Sauraron Koken Masu Saye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tela ce a Bodinga. Shekara ashirin da biyu ina kan keke, ban taɓa ɓatar wa kowa ko ɗankwali ba. Yau shaddodin mutum tara da aka ba ni amana suna kulle a ɗakin da ba ni da makullinsa.

1. A watan Rajab aka buɗe wani kulob na teloli a garinmu. Ka biya naira dubu talatin, a ba ka kati, shekara guda ana yi maka aikin wuya da keken kwamfuta a rabin farashi. Na biya. Mata huɗu kuma suka shiga saboda ni na ce su shiga.

2. Ana saura kwana goma sha biyu ƙaramar Sallah na kai shaddodin. Da na koma karɓa sai na tarar da kwaɗo a ƙofa. An kwashe keke da kaya an koma Shagari, ko sallama babu. Sau uku ina shiga motar haya ina bin su. Manajan, wanda na haifi kamarsa, ya ce katina na reshen Bodinga ne, reshen kuwa ya mutu, in ina son kayana in sake rajista. Ya juya katin ya nuna mini wasu ƙananan layukan Turanci, yana zaton ban iya karatu ba. Na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya. Babu inda aka ce su riƙe tufafin mutane.

3. Sai ya koma neman rasit. Yallaɓai, wace tela ce ke harka da rasit a Bodinga? Ƙyalle muke yanka a gefen kowane yadi, mu maƙala a littafin awo kusa da sunan mai shi. Tara ɗin suna nan. Ya ce ƙyalle ba hujja ba ne.

Mutanen nan da tsofaffin kaya suka je idi. A cikinsu har da malamin da ya saukar da 'ya'yana uku.

Na san doka ba ta yarda a karɓi kuɗin mutum a hana shi aikin da ya biya ba. Saboda haka ina roƙon ka kira manajan, ya fito da shaddodin a gabanka, a ɗora kowane ƙyalle inda almakashina ya bi. A mayar mana da kuɗin watannin da ba a yi mana aiki ba. A kuma dakatar da sayar da katin, domin da idona na ga telolin Shagari sun yi layi suna biya.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke hannunka, ya tsare ka daga kunyar da ta sa nake sauya hanya in na hango malamin nan.

Wassalam.

Hajiya Balkisu mai ɗinki, Bodinga.