Ja da Koren Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, Ya raba ka da hawa bene. Mu ma lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu ba a ajiye tsintsiya inda ba ta ce ba. Ni ce dai zuciyata ba daɗi, kuma saboda Auta ne.

Ka san shi ya zaɓi karatun gwaje-gwajen asibiti da kansa, ba wanda ya tura shi. Ranar da jami'a ta ɗauke shi, babansa ya ture ɗinkin mutane gefe ya ɗinka masa farar riga ta ɗakin gwaji, har da aljihun biro. To, Yaya, shekarar farko ta ƙare, ya cinye duk jarabawar rubutu, ya faɗi duk ta aikin hannu. Ana ɗiga magani a kwalba, sai a ce ka tsaya da zarar ruwan ya sauya launi. Kowa ya tsaya, shi yana ta ɗigawa. Malamar da ke ba su shawara ta tura shi likitan ido, aka ce haka aka haife shi, ba ya bambance ja da kore, kuma ba magani. Ka tuna yadda kake tsokanarsa yana ƙarami, in an aike shi ɗauko jan zare ya kawo kore, ka ce hankalinsa na wajen ƙwallo? Duk mun sha dariya. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in kurma ihu.

Malamar ta ce ya koma sashen lissafi ko na kwamfuta tun kafin a rufe canjin sashe, ta ce kansa na ja, ba abin da zai gagare shi. Auta ya ce mata shi bai taɓa hango kansa ko'ina ba sai gaban madubin duba jini. Babansa kuwa ya ce sam, ɗan tela ba zai kasa gane kala ba, rashin sabo ne kawai. Kullum da safe sai ya tsayar da shi gaban kantar shago, ya riƙa nuna zarurruka ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsa. Da farko yaron yana kuskure, uban yana tsaki. Daga baya sai ya fara faɗa daidai, tun daga farkon layi har ƙarshe. Har ni na soma sa rai, Allah Ya sani.

Jiya ina goge kantar, sai na ɗauke jan zaren na ajiye a gurbin koren, koren a gurbin jan. Na kira Auta na nuna masa koren. Ko ƙiftawa bai yi ba ya ce mini ja ne. Ashe wurin zaman kowane zare ya haddace, don kada ya ga ɓacin ran ubansa. Da ya ga fuskata sai ya gane. Ya roƙe ni in mayar da su yadda suke, kada in faɗa wa kowa. Na mayar.

Yanzu ga halin da muke ciki. Uban ya gama shaida wa maƙwabta cewa idon ɗansa ya warke, ya kuma hana a canza sashe. Auta ya fi son a kore shi daga jami'a da ya ƙaryata ubansa. Ni na rasa ta inda zan ɓullo, in na buɗe baki a ce ina yi wa ɗana mugun fata. Kai kaɗai baban Auta yake jin nauyinka, Yaya. Don Allah ka kira shi kafin lokaci ya ƙure, ko da yake ban san ko zai saurare ka ba. Yanzu haka ina jin sa a shago yana goge farar rigar, yana waƙa.

Ka gaida mini Anti da 'yan biyu, da Gwaggo in ka leƙa ta. Inna tana gaishe ku. Ku sa mu a addu'a.

Taka ƙanwa,
Maman Auta