Kada Ki Sa Haƙorin Makka

Jidda, 9 ga Shawwal

Zuwa ga 'yata Ramlat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sabo da yara. Ya mutanen Bagwai? An gama kai taki gona?

Ni ƙalau nake, aiki da godiya. Na ɗan rame ne kawai.

Na ji Sabo ya biya miki kujerar Hajji, Allah ya karɓa. Amma an ce tun yanzu kina zancen sa haƙorin Makka. Ibada za ki zo yi ko ado? Ban yarda ba.

Ni na sa. Lafiyayyen haƙori aka kankare mini aka rufe da gwal. Ya ruɓe a ciki ban sani ba, ya ja na kusa da shi. Yanzu huɗu babu a sama. Likita ya ce a yi mini na roba kafin sauran su karkace, uwar ɗakina ta ce sai bayan babbar sallah. Rabona da nama shekara guda.

Ki taho mini da garin kunu. In kin gan ni, kada ki yi kuka a gaban mutane.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Kaltumi