Makullin Motar Yana Wurina

Auta,

Tun ranar da aka bugo waya aka ce barci ya ɗauke babanku yana tuƙi har ya rasu, hankalina bai sake kwanciya ba. Ciwon sukarin da ya hana shi barci, ga shi yanzu a jikinka. Jiya sau biyar na ji ka tashi fitsari, sai da gari ya waye ka runtsa.

Na kashe ƙararrawar wayarka, na wuce aiki da makullin motar. Na san za ka ce, "Umma, korata za su yi daga aiki." Su kora. Ka yi haƙuri, yau ba tuƙi. Abincinka na rufe a kan tebur, maganin yana gefensa.

Kullum kafin in fita sai na kara hannu a hancinka in ji numfashi. Yau ma na yi.