Idi da Turmin Inna

Buza, daren Lahadi, kakar 1947

An kayar da Idi yau a gaban gari duka, kuma wai ni ne da laifi.

Tun kafin a yanke gero nake faɗa wa ƙanen nan nawa cewa ɗaga turmi kaɗai ba ya yin ɗan kokawa. Na ce ya riƙa bi na da asuba mu hau dutse a guje, kamar yadda aka horar da mu a soja, don ƙafa da numfashi su yi ƙarfi. Sau ɗaya ya bi ni. Wai mutane na yi masa dariya, ba a ganin namiji yana gudu sai ɓarawo. Ya koma ɗaga turmin Inna safe da yamma, damatsa suka kumbura, 'yan mata na yabo.

Ɗan garin Tamasken da suka kama kokawa da shi siriri ne. Zagaya shi kawai ya yi ta yi, har Idi ya fara haki kamar jaki a kan tudu, sannan ya taɗe shi.

Da muka dawo gida Baba ya dube ni ya ce, "Kai ka zubar mai da ƙarhi da gudun nan naka na annasara." Gudun rana guda fa.

Yanzu na ji nishi a tsakar gida, na leƙa. Idi ne, ya koma ɗaga turmi.